Sukuru mai rami a karayar tudun ƙashin tsakiyar gwiwar yara: inda yake aiki da inda yake gazawa

Karayar da muke magana a kai, wato ta ɗan tudun da ke saman ƙashin ƙwauri a tsakiyar gwiwa, tana yawan samun yara masu shekara 8 zuwa 14, galibi bayan faɗuwa daga keke ko murɗewar ƙafa a filin wasa. A jikin babba jijiyar gaba ta tsakiyar gwiwa ce ke tsinkewa. A jikin yaro kuwa jijiyar ta fi ƙashin ƙarfi, sai ta fizgo ɓallin ƙashi daga saman ƙashin ƙwauri. Likitoci Meyers da McKeever sun kasa karayar gida uku a 1959: wadda ba ta gusa ba, wadda ta ɗaga ta gaba kawai, da wadda ta rabu gaba ɗaya. Daga baya wani likita, Zaricznyj, ya ƙara ta huɗu, wato wadda ta farfashe. Ta farko filasta ta ishe ta. Ta uku, da ta biyun da ta ƙi komawa mazauninta, su ne ake wa tiyata.

Sukurun da aka fi ɗauka mai kaurin milimita 3.5 ko 4 ne, da rami a tsakiyarsa. Ana shiga gwiwar da kyamara, a wanke jinin da ya daskare a gurbin, a mayar da ɓallin, a riƙe shi da siririyar waya, a duba da na'urar hoton ƙashi, sannan a zura sukurun ta kan wayar. Ramin nan shi ne babban alherinsa, domin inda waya ta bi nan sukuru zai bi. Yana kuma matse ɓallin sosai, abin da ke ba da damar fara motsa gwiwa da wuri.

Amma yana da sharaɗi. Ɓallin ya zama guda ɗaya mai ƙashi na kirki, faɗinsa ya kai kamar ninki uku na kaurin sukurun. In ƙarami ne, ko yawancinsa guringuntsi ne, juyi na ƙarshe kan tsaga shi biyu, aiki ya koma baya. A irin wannan, da a karayar da ta farfashe, zare mai ƙarfi da ake ratsawa ta gindin jijiyar ya fi shi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne guringuntsin girma, wato layin da ke kusa da ƙarshen ƙashin yaro inda ƙashin ke ƙara tsawo. Na saman ƙashin ƙwauri yana ƙara wa ƙafa kusan milimita 6 a shekara. Sukurun da haƙoransa suka ƙetare shi na iya tsayar da girma ta gefe ɗaya, gwiwa ta riƙa lanƙwasa baya ko ƙafa ta gajarce. Don haka dole a zaɓi gajere, a karkata shi ya tsaya a saman layin girma, a tabbatar da hoto ta gaba da ta gefe kafin a rufe. Kan sukurun ma in bai nutse ba, yana gogar ƙashin cinya ya hana miƙe ƙafa, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa a sake tiyata don cire shi. Ya kamata iyaye su ji wannan tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Wani lokaci ana ɗora wa sukuru laifin da ba nasa ba. In ɓallin ya ƙi zama, sau da yawa bakin meniskus ne (guringuntsin da ke zama matashi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri), ko jijiyar da ta haɗa meniskus biyu, ya maƙale a ƙarƙashinsa. Sai an janye shi tukuna. Wanda ya matse a kai haka nan, ɓallin zai warke a ɗage.

Matsalar da aka fi gani bayan tiyata ita ce sandarewar gwiwa. Jinkirin tiyata da daɗewa a filasta na jawo ta. Shi ya sa in riƙon ya yi kyau ake fara gashin ƙashi da lanƙwasawa a hankali cikin mako 4 na farko, da takalmin gwiwa mai ƙayyade motsi. In ta sandare, kada a danna ta da ƙarfi ko da an yi allurar barci, domin guringuntsin girma na ƙasan ƙashin cinya na iya karyewa.

Ga babban ɓalli a jikin matashin da ya kusa gama girma, muna ba da shawarar sukurun. Ga ƙaramin yaro mai ɓalli siriri, a ajiye zare kusa tun kafin a fara.