Sharhi: Faifan Toxicity a kunnen mai noman rani

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari na tsaya wajen wani yaro mai tura waƙoƙi a waya, na ce ya zuba mini abin da zai hana ni gyangyaɗi a bakin injin ban ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan sai mai ƙarfin kunne." Faifan Toxicity ya tura mini, na ƙungiyar System of a Down, mutum huɗu 'yan asalin Armeniya da suka taso a Kalifoniya ta Amurka. A 2001 ya fito.

Daren farko kashewa na yi. Na ɗauka wayar ce ta lalace.

Da na sake saurare a gonar albasa, sai na gane gurnanin nan da gangan ne. Suna sassauta igiyoyin jita don sautin ya yi kauri, mai ganga kuma dukanta yake kamar ana sussukar gero. Babu gyaran murya na kwamfuta irin wanda ya cika waƙoƙinmu na yanzu. Mawaƙin, Serj Tankian, sai ya yi ihu kamar ɗan tauri yana kirari, kafin ka farga ya koma rera waƙa a sanyaye. Wannan juyin ne ya kama ni.

Waƙar farko a kan gidajen yarin Amurka take, yadda ake cika su da masu ƙananan laifukan ƙwaya. Ƙanena mai karatu a Dutse ne ya warware mini Turancin. Amma ni abin da na ji ya wuce kurkukun bulo. Akwai na cikin kai: bashin taki, kuɗin fetur, tsoron me mutane za su ce. Minti arba'in da 'yan kai na faifan, duk wannan surutun zuci yakan yi shiru, don an fi shi ƙara.

Aibinsa biyu. Akwai ashar a wasu waƙoƙin, don haka ban taɓa kunna shi a tsakar gida ba, balle gaban Baba. Sannan abin sa wa a kunne mai araha ba ya ɗaukar kaurin sautin, kururuwa kawai za ka ji.

A can ƙarshe sun ɓoye wani kiɗan gargajiya na Armeniya mai busa kamar sarewar Fulani. Shi nake jira in ruwa ya kai kwamin ƙarshe.