Kwanan tanti da yara: gandayen Niyok ko na Pensilbaniya?

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Kin ce kuna zaune a Bronx cikin birnin Niyok, yara sun tasa ki gaba sai an kai su kwanan tanti a hutun bana, kuma kin ga masu wannan harka suna ta musu a kan gandayen shaƙatawa na jihar Niyok da na Pensilbaniya, kowa na kambama nasa. Kina so ki san wanne ya fi tsabta da kulawa. Mu ma da yaranmu muke zuwa, kuma mun kwana a jihohin biyu, to ga abin da na gani da wanda nake ji a bakin mutane.

In kika saurari masu musun da kyau, ba kasafai suke faɗa a kan kyan daji ba. Kowa ya yarda duka biyun Allah ya yi musu baiwa. Rigimar a kan banɗaki take, da hayaniyar dare, da abin da aka karɓa a hannun mutum. Kuma yawanci mutum gandu ɗaya ya kwana, a layin tantuna ɗaya, ya shiga banɗaki ɗaya, sai ya dawo ya yanke wa jiha guda hukunci.

Bari in fara da kuɗi, don shi ne tushen sauran. A Pensilbaniya ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Gandayenta sun haura 120, kowanne ki shiga da mota ki wuni ki fito kyauta, sai dai kuɗin gurbin tanti in za ki kwana. Mutanen jihar suna ji da wannan sosai, kuma yana da tarihi. Maurice Goddard, wanda ya shugabanci ma'aikatar dazuzzuka da ruwa ta jihar tun daga 1955, ya ci gaba da riƙe harkar har 1979, ya ɗaura aniyar kada wani ɗan jihar ya yi tafiyar da ta wuce mil 25 kafin ya tarar da gandu. A zamaninsa aka ƙara guda 45. Kafin shi kuwa, matasan da gwamnatin tarayya ta ɗauka aiki a shirin CCC tsakanin 1933 da 1942 su suka gina madatsun ruwa da rumfuna da ɗakunan katako da har yau ake amfani da su. Matsalar ita ce abin da aka gina lokaci guda, lokaci guda yake tsufa. Hukumar da ke kula da gandayen, DCNR, da bakinta ta ce gyaran da ke jiran ta a gandaye da dazuzzukan jihar ya kai dala biliyan 1.4: madatsu, gadoji, bututun ruwa, na'urorin tace ƙazanta. Tun da ba kuɗin ƙofa, da kasafin jiha ake yi, da wani kaso na harajin sayar da gidaje da filaye, da kuɗin hayar filayen gwamnati ga masu haƙar gas. A 2017 ma sai da kotun ƙolin jihar ta tsawata, ta ce kuɗin gas ɗin da aka samu daga filayen nan na kula da albarkatun ƙasa ne, ba na toshe ramin kasafi ba.

Niyok kuwa tana da gandaye kusan 180, kuma da zafi yawancinsu sai an biya dala 6 zuwa 10 a kan kowace mota, ko mutum ya yanki katin shekara da ake kira Empire Pass, wajen dala 80. Wanda ya kama gurbin kwana ba a sake cajinsa a gandun da ya sauka. Ita ma ta ga ta kanta: a watan Mayun 2010 gwamnati ta rufe gandaye da wuraren tarihi da dama saboda rashin kuɗi, jama'a suka yi ca, aka buɗe su cikin makonni biyu. Bayan wannan abin kunya ne aka fito da shirin zuba dala miliyan 900 a gyara kafin 2020. Tsofaffin masu kwanan tanti a Niyok za su gaya miki lallai sun ga canji, musamman a sababbin banɗakuna da wuraren wasan yara. Sai dai kuɗin ya fi malala wajen manyan gandaye masu suna, ƙananan na can lungu wasu har yanzu suna jiran rabonsu.

To, banɗaki. A nan ne ra'ayoyin suka rabu, kuma a ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Masu yabon Pensilbaniya cewa suke ginin tsoho ne amma a wanke yake. Masu yabon Niyok cewa suke nasu sabo ne, ga ruwan zafi wadatacce, ga ɗakin wanka na iyali mai ƙofa da sakata. Masu kushe Niyok kuma cewa suke sabon gini bai hana shi ƙazancewa ranar Asabar da yamma ba, in mutum ɗari uku suka dawo daga iyo da yashi a ƙafa. Wani gandu da muka sauka a Pensilbaniya, daɓen siminti ne tsurarsa, fentin bango ya fara ɓarewa, famfon wankan irin wanda ake dannawa ne ya zubo na ɗan lokaci ya ɗauke, sai kin sake dannawa da kumfa a ido. Ƙwari sun yi dandazo a jikin fitila. Amma a bayan ƙofa akwai takarda da mai shara ke sa hannu da lokacin da ya zo, safe da yamma, kuma ba wari ko kaɗan, takardar goge-goge ba ta yanke ba har muka tashi. Ni dai in za a ba ni zaɓi, na fi son tsohon da ake wankewa sau biyu a rana. Ki lura kuma, a jihohin biyu akwai layukan da ba su da banɗaki mai ruwa sai masai na rami. A Pensilbaniya in kika ga an rubuta wa wuri "modern" to akwai ruwa da wanka, in "rustic" ne masai ne. Da ƙananan yara kada ki kuskura ki kama na biyun a tafiyar farko. Buta kuwa daga gida za ki taho da ita, biyu ma. Famfon da ke kan layi na ɗibar ruwan sha ne, an hana wanke-wanke a gindinsa, don haka ki ɗebo a jarka ku yi alwala a gurbinku.

Akwai wani abu da ke rikitar da maganar Niyok. Hukuma biyu ce ke da wuraren kwana a jihar. Ɗaya ita ce ta gandayen jiha, ɗayar kuma hukumar kare muhalli, DEC, mai riƙe da sansanoni sama da 50 a duwatsun Adirondack da Catskill, irin su North-South Lake. Na DEC da gangan aka bar su kusa da yadda daji yake, ba a ja wuta zuwa gurabe. Sau da yawa in kin ji wani yana kukan ya je Niyok bai sami inda zai sa cajin waya ba, can ya je, kuma ba sakaci ba ne, haka tsarin yake.

Abin da ya fi jan hankalina zuwa Pensilbaniya shi ne dare. An hana giya a gandayen jihar, kuma jami'ai suna zagayawa. Ba na ce ba mai ɓoyewa a kofi ba, amma irin shagalin nan na samari da kiɗa har tsakar dare da wuya ki gamu da shi. Wannan doka ita ce babban abin da wasu Amurkawa ke ƙorafi a kai, suna cewa an mayar da su yara. Mu kuwa gaba ta kai mu. A Niyok dokar ta danganta da gandu, wasu sun hana, da yawa sun yarda baligi ya sha a gurbinsa. Lokacin yin shiru ma ya bambanta: Pensilbaniya daga ƙarfe 9 na dare zuwa 8 na safe, Niyok daga 10 zuwa 7. Ki yi lissafi da wannan, domin a watan Yuni da Yuli sai wajen takwas da rabi ake magariba. In ku masu cin abincin dare bayan salla ne irinmu, a Pensilbaniya kafin a sauke tukunya lokacin shiru ya shiga, kuma kin san muryarmu in hira ta yi daɗi. Ki gama girki tun da la'asar sakaliya. Da asuba kuma, wajen ƙarfe huɗu, a tashi a hankali, ƙarar zif ɗin tanti da buɗe ƙofar mota suna kaiwa nesa a daji.

Yawan mutane a gurbi ɗaya: Niyok shida ne. Pensilbaniya iyali guda, ko mutum biyar in ba 'yan gida ɗaya ba ne. In za ki tafi da ƙanwarki da nata yaran, gurbi biyu za ku kama maƙwabtan juna, kada ku je ana ja-in-ja da ma'aikaci a ƙofa.

Inda Niyok ta yi wa Pensilbaniya fintinkau a idon uwa shi ne wajen iyo. A gandayen jiha na Niyok ba a shiga ruwa sai masu ceto suna bakin aiki, in sun tashi an rufe. A Pensilbaniya tun 2008 aka janye masu ceto daga yawancin bakin tafkuna, sai 'yan wurare kamar Presque Isle. An kewaye wurin iyon da igiya, an kafa allo cewa kowa ya shiga da ƙafarsa ya shiga. Iyaye da yawa suna sukar wannan, kuma ina bayansu. In yaranki ba su iya ruwa ba, ki saya musu rigar iyo mai hana nutsewa, kuma ke ce mai gadin, ba waya a hannu.

Kusa da ku, gandun Harriman na jihar Niyok ne kowa zai fara ambata miki, tafiyar awa guda daga Bronx. Wurin kwanansa na Beaver Pond yana da dandamalin katako da ake kafa tanti a kai, abin da ke da amfani in an yi ruwan sama. Amma kusancin nan shi ne cikas ɗinsa, domin duk birnin nan can yake kwarara ranar hutu. Nan ma za ki ga inda kulawar Niyok ta yi rauni: bakin tafkin Sebago guguwar Irene ta lalata shi a 2011, ya shafe fiye da shekara goma a rufe, nauyin ya koma kan tafkin Welch, shi kuma a 2022 gansakuka mai guba ta sa aka hana iyo a cikinsa kusan duk lokacin zafin. Manyan wuraren da ake yi wa Niyok kirari da su suna da nisa. Watkins Glen, mai magangarun ruwa 19 a cikin kwazazzabo ɗaya da matakala sama da 800, ya fi awa huɗu a mota. Letchworth, inda kogin Genesee ya ratsa tsakanin duwatsu, ya fi haka. Sun cancanci tafiyar, amma ba da yaran da ba su taɓa kwana a waje ba.

Ta ɓangaren Pensilbaniya kuwa, awa biyu ko da ɗan ɗori za ta kai ki Promised Land ko Hickory Run a duwatsun Pocono. Na farkon tafkuna biyu gare shi da inuwa mai sanyi. Na biyun yana da wani fili da ba komai a cikinsa sai manyan duwatsu zube tun zamanin ƙanƙara, yara ba sa gajiya da tsalle a kansu, sai dai a sa musu takalmi mai kama ƙafa. In sun ƙara girma sai ku gwada Ricketts Glen, mai magangaru sama da 20, mafi tsawonsu ƙafa 94. Hanyar tana da santsi, ba ta masu goyo ba ce.

Kama gurbi ta intanet ake yi, ko ta kiran waya. Niyok tana buɗewa wata tara kafin ranar, Pensilbaniya wata goma sha ɗaya, kuma guraben bakin ruwa na ƙarshen mako tun da sanyi ake wawashe su. Kowace jiha tana ƙara wa baƙo dala 5 a kowane dare, don haka a Pensilbaniya ke za a ƙara wa. Kada ki ɗauko itacen wuta daga gida: jihohin biyu sun hana shigo da wanda ba a gasa shi ba, saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi, Niyok ma ta hana kai shi nesa da mil 50 daga inda aka sare shi. Ana sayarwa a ƙofar gandu ko a bakin hanya. Abinci kuma, har da man girki da kilishi, a but ɗin mota yake kwana, domin akwai beyar a dazukan duka biyun. Kowane dare ki duba jikin yara, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa, saboda kaska mai sa cutar Lyme ta yi yawa a yankin nan.

In ni ce ke, Hajiya, tafiyar farko Pensilbaniya zan yi, Promised Land ko Hickory Run, kwana biyu, daga Lahadi zuwa Talata lokacin da jama'a suka watse, a layi mai banɗakin ruwa. Kafin ki biya, ki buɗe taswirar wurin ki zaɓi gurbin da ke tsakanin gurbi huɗu zuwa shida daga banɗakin. In ya fi haka kusa, fitila da ƙarar ƙofa za su hana ku barci, in ya fi haka nisa kuma ke za ki sha rakiya da tocila cikin dare. Sannan ki kira ofishin gandun da kanki ki tambaye su ko bakin ruwan a buɗe yake a makon, da kuma ko ana wani gini a layin da kika zaɓa.