Mazaunin eriyar oba-oba ya cinye: a canza shi ko a ɗaura adafta?

Wani ɗan'uwanmu mai aikin sintiri ya yi tambaya. Ya ce eriyar oba-obarsa ƙirar Baofeng UV-5R tana rawa, magana tana yankewa sai ya karkata ta gefe guda. Shin ya kai a canza mazaunin, ko ya ɗaura adafta ya huta?

Malam, ka fara dakatawa da danna maɓallin magana tukuna. Wannan rediyon yana tura kusan wat 5, kuma idan eriya ba ta zauna daidai ba, ƙarfin komawa ciki yake yi, yana iya ƙona tiransistan da ke tura magana. Daga nan kuɗin gyara ya kusa kamo na sabo.

Kwance eriyar ka leƙa. Mazaunin sunansa SMA, kuma a UV-5R allurar tana jikin rediyo, ramin yana jikin eriya. A oba-oba ƙirar Yaesu FT-60R kuwa akasin haka ne, don haka kada ka aro tasu. A gindin mazaunin akwai noti kamar zobe mai 'yar tsaga. Sau da yawa shi ne kawai ya kwance, filaya mai siririn baki ta isa ta ɗaure shi. Ka kuma gwada eriyar abokin aikinka, don wani lokaci ramin eriyar ne ya buɗe, rediyon lafiyarsa ƙalau.

Idan ba a dace ba, to ga bambancin.

Adafta ta SMA zuwa BNC (wani irin mahaɗin eriya ne marar tiredi) ba magani ba ce, rigakafi ce. SMA an yi shi ne ya jure ɗaurawa da kwancewa kamar sau 500. Mai cire eriya kullum don ya sa rediyo a aljihu, shekara biyu ba za ta cika ba ya cinye wannan lissafin. Adafta sau ɗaya za ka ɗaura ta ka bar ta, sai eriya ta riƙa shiga ta BNC da 'yar murɗa kaɗan. Amma sai in tiredin yana kamawa har yanzu kuma allurar tana miƙe. Sannan tana ƙara tsawo, duk bugun da eriya ta sha a ƙofar mota gindin ne zai ɗauka, shi ya sa na fi son mai faɗin gindi wadda ke zama daram a jikin rediyo. Sai ka sayi eriya mai BNC kuma. A kasuwa ka kula da abu biyu: BNC na kyamarar tsaro om 75 ne (om ma'aunin lantarki ne), wanda rediyonka ke buƙata om 50 ne, sannan RP-SMA na na'urar wayfay kamarsu ɗaya da SMA a ido amma allurar a juye take.

Canza mazauni shi ne gyaran gaske, amma aiki ne na mai hannu. Za a cire batir, a zare maɓallin murya, a kwance notuna, a ɗaga jikin ƙarfen a hankali don wayoyin lasifika sirara ne. Ƙafar allurar liƙe take da dalma a jikin fanel, ƙarfen da ke kewaye kuma yana shanye zafi, wanda bai saba ba sai ya yi ta gasawa har layin fanel ya ɗago. Mai gyaran waya da ya ƙware, irin na Farm Centre a Kano, zai iya.

Naka kuwa, tunda magana tana dawowa in ka karkata eriyar, na fi zargin dalmar ce ta tsage a ciki, ciwon masu ɗaukar rediyo ta eriya kamar jelar ɓera. Adafta ba za ta taɓa wannan ba. A buɗe a sake liƙi, wataƙila ma ba sai an sayi sabon mazauni ba. Bayan ya warke ne za ka ɗaura adaftar.