Gargaɗi ga masu fiton kaya: an karɓe mini Naira miliyan 2 da dubu 400 da sunan manhaja

Ina rubuta wannan ne cikin ɓacin rai da kunya, domin shekara 11 ke nan ina harkar fiton kwantenoni daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas zuwa Kano, kuma ban taɓa zaton za a zo har cikin ofishina a damfare ni ba. Naira miliyan 2 da dubu 400 ne suka salwanta.

Mutumin ya zo ne a matsayin wakilin wani kamfanin manhaja da ke Legas. Ya ce manhajarsu tana bin sawun kwantena tun daga lodinta a Sin har a sauke ta, tana ajiye Fom M (takardar da ake cikewa kafin a shigo da kaya) da PAAR (rahoton da kwastam ke bayarwa na ƙimanta kaya kafin su iso) da takardar lodin jirgi wuri guda, kuma tana faɗakar da mutum kafin kwanakin kyauta su ƙare kuɗin jinkiri ya fara hawa. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin jinkiri a kan kwantena ɗaya tak ya san abin da ya sa na ba shi kunne.

Abin da na kasa mantawa shi ne lokacin da ya buɗe kwamfutarsa a kan teburina, ya ce, "Alhaji, ba ni lambar kwantena ɗaya kawai." Na ba shi ta wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, nan take sai ga sunan jirgi da ranar tashinsa da ranar da ake sa ran isowarsa. Na dubi akawuna, shi ma ya dube ni, muka gamsu. Sai daga baya na gane cewa wannan bayani kowa yana iya samunsa kyauta a shafin kamfanin jirgin. A kan wannan minti biyar ɗin na ba da Naira miliyan 2 da dubu 400.

Na tura miliyan 1 da dubu 500 a ranar Alhamis, amma kafin nan akwai dubu 300 na rajista, sannan dubu 600 da ya ce na haɗa mu da B'Odogwu, tsarin intanet na kwastam, ne, waɗanda nake jin na biya su bayan an ba mu shafin shiga, ko kuma kwana ɗaya kafin hakan. Shafin ya yi aiki mako biyu, ya rufe, wayarsa ma ta rufe.

Kada wani ya ce garaje na yi. Na ga takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na kira mutum biyu da ya ce abokan cinikinsu ne, suka yabe shi, ashe bakinsu ɗaya. Wuri ɗaya ne ke ci mini rai: asusun da na tura kuɗin na mutum ne, ba na kamfani ba, kuma da na tambaya ya ce, "Ranka ya daɗe, na kamfani yana da 'yar matsala." Na yarda. Ejan ɗina da ke fitar mini da kaya a Legas ya ce bai taɓa jin sunansu ba, ni kuwa ban tambaye shi ba sai da kuɗi suka tafi.

Kada ku tura kuɗin manhaja asusun mutum, kuma ku tambayi ejan ɗinku tukuna. Na kai ƙara, kuma da zarar lauyana ya ba ni izini zan sanya hotunan rasit ɗin banki uku da saƙonninmu na WhatsApp, har da wanda ya rubuta "amana ce tsakaninmu, Alhaji".