Ciyawar teku: a shanya ta kan takarda ko a ɗauke ta da kyamara?

A 1843 wata Baturiyar Ingila, Anna Atkins, ta fara fitar da littafin hotunan ciyawar teku ba tare da kyamara ba. Dabarar da masanin kimiyya John Herschel ya gano a 1842 ta bi: a shafa wa takarda sinadarin ƙarfe, a ɗora ciyawar, a shanya a rana, a wanke da ruwa. Sai surar ta fito fara fat a kan shuɗi mai duhu, kamar ƙyallen da ya fito daga marina. Kowane siririn reshe yana nan, daidai girmansa.

Sai dai an raba ciyawar da gidanta. Babu launinta, babu sheƙin jiƙa, babu zanen da igiyar ruwa ke bari a yashi.

Waɗannan kuwa rabon mai kyamara ne, in ya jure sammako. Dole ya jira ruwa ya janye, rana tana ƙasa-ƙasa, don inuwa ta fito da ƙananan kunyoyin yashi. In ya yi jinkiri, ruwa ya dawo ya shafe komai.

Ni dai shuɗin nan ya fi jan idona, ko da yake rabin labari yake bayarwa.