Kwalin tsinken danne harshe: yadda ya yi mini a wata takwas

Ranar da aka ce in sayi kwalin faffaɗan tsinken katakon nan da likita ke danne wa yara harshe da shi, raina bai kwanta ba. Na je asibiti da kukan bakina ya ƙi buɗewa, ina sa ran allura ko wata na'ura, sai ga shi an tura ni kemis.

Ciwona sunansa sikilerodama, wato taurin fata. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce "Allah sarki, sikila", alhali ba su haɗa hanya ba. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, jiki ya riƙa tara sinadarin kolajin fiye da kima, fata ta ɗaure. Mata ya fi kamawa. Ni daga yatsu ya fara, in hunturu ya shigo su yi fari fat sannan su koma shuɗi, daga baya ya hau fuska. Leɓɓana suka sirance, baki ya tsuke. Mai lafiya yana iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Ni biyu ma da kyar. Lomar tuwo sai na raba ta uku, burushi ba ya kai wa turamen ciki, kuma na daina cin abinci a gidan biki saboda kallo.

Tsinke 100 ne a kwalin, kowanne tsawonsa wajen santimita 15, kuɗinsa bai kai na maganin wata guda ba. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce ta nuna mini yadda ake yi. In fara ɗumama fuska da tawul mai ruwan ɗumi, in shafa man kaɗanya a leɓe, in sa babban yatsa in ja kumatu gefe-gefe. Sannan in jera tsinkayen, in ɗaure da roba, in tura su tsakanin turame ta gefe guda. In baki ya saba, sai a cusa ƙarin guda ɗaya a tsakiyar jerin. Safe da yamma, kamar minti 15. Wannan ƙarin na ɗaya-ɗaya shi ne duk amfaninsu: siraran ne, ba sa tilasta wa muƙamuƙi tsalle, kuma ina ƙirga ci gabana da idona. Da tsinke 9 na fara. Yau 13 nake sawa.

Suna da aibu, ba zan ɓoye ba. A kwalin farko na tsince fiye da goma masu kaushin baki, ɗaya ma ya yanke ni a kusurwar leɓe, kuma rauni a irin fatarmu ba ya saurin warkewa. Yanzu sai na shafa kowanne da yatsa kafin ya shiga bakina. Ga bushewar baki da yawancinmu ke fama da ita: busasshen katako mannewa yake yi a leɓe, dole a jiƙa shi tukuna. Wanda ya taɓa haƙori kuma ya jiƙe, yar da shi nake yi. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne riƙo, don yatsuna sun lanƙwashe. 'Yata ce ke ɗaure mini robar. "Umma, yau mu ƙara ɗaya?" Wani lokacin in ce bari sai jibi.

Akwai na'urar da aka ƙera musamman don wannan aiki, TheraBite, mai mariƙi da ake matsawa da hannu. Daga waje ake kawo ta, kuma aljihuna bai kai ba.

Mai haƙori yana girgiɗi ko ciwon dasashi ya fara ganin likitan haƙori kafin ya ciji katako. Kuma a ji ja kawai, ban da zafi. Tsinken ba ya warkar da ciwon, ina nan kan magungunana. Da na yi sakaci na mako uku lokacin bikin ƙanwata, sai da na koma 11, na sake hawa a hankali.

Jiya na sayo wani kwalin. Da daddare na kai burushin yara har turmin ƙarshe na hagu, wanda rabon da in goge shi da kyau tun bara.