Murfi ko igiyar ɗauri: wanne ya fi wa injin 737 da ke ajiye?

Wa alaikumus salam Injiniya. Tsakanin murfi da igiyar ɗaure fanka da ka tambaya saboda jirginku Boeing 737 da zai yi zaman jira a Kano, murfi za ka saya, na gaba da na baya tare.

Ƙaras-ƙaras ɗin da kake ji in iska na juya fankar injin kada ya tayar maka da hankali sosai. Fuka-fukai 24 na fankar CFM56-7B, wato injin jirgin, dama ba a matse suke a gurbinsu ba, sai inji ya ɗau gudu suke zama daram. Abin dubawa yana ciki. Fanka a kan nata shaf take, famfon mai kuwa ɗaya shaf ɗin ne ke juya shi ta giyabos. Iska ta kwana tana juya fanka, famfo a tsaye, boris na aiki da ɗan ragowar man da ya maƙale masa.

Murfinmu na tamfol mai kauri ne, da toshiyar soso ta baya. Akwai hunturun da wani jirginmu ya daɗe a ƙasa yana jiran kayan gyara. Ƙura ta lulluɓe fiffike har yara na rubuta suna da yatsa. Ranar da muka buɗe murfin na shafa cikin bakin injin, hannuna fes, fanka kuma tana inda muka bar ta. Ogan aikinmu, wanda ba ya yabon kowa, sai da ya ce madalla. Iskar da ba ta samu hanyar shiga ba ai ba ta da abin juyawa, haka tsuntsu da zanzaro ba su da wurin gini. Shi ya sa na ce har da na baya: in jirgi ya ba iska baya, ta can take shiga ta juya fankar a baibai.

Igiyar ɗauri kuwa, to, tana riƙe fanka. Iyakarta ke nan. Ƙura da ruwa su shiga yadda suka ga dama, kuma in ƙarfen makullinta ya karci fiffiken fanka, aiki ya same ku. Tamu tana sito, ba ma ɗauko ta sai littafin kamfani ya ce a haɗa da ita.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Wani zai ce maka murfinsa na shiga kowane inji. Ƙarya ne, na CFM56-3, injin tsofaffin 737, daban, na 7B daban, kuma wanda bai zauna cif ba iskar hadarin farkon damina za ta yi gaba da shi. Wani kuma tamfol ɗin rumfar biki ya ɗinka ya liƙa masa jan ƙyallen gargaɗi irin na murfin gaske. Takarda ma ba ta isa shaida ba: a 2023 an gano wani kamfani a Landan yana sayar da kayan CFM56 da takardun jabu, sai da aka sauke injuna aka yi ta bincike. Ka ɗauko lambar murfin daga littafin jirgin, ka sa a kawo a gwada shi a bakin injin kafin ku biya ko sisi.

In zaman zai kai damina, ka haɗa da buhunan tsotse danshi a cikin odar.